Hayaniyar Da Ke Cikin Kaset ɗin Malam Idi

Akwai wani matashi mai suna Ɗayyabu, yana da shagon kwamfuta a Sharaɗa, cikin wata shuɗiyar kwantena da ke kallon ƙofar wani kamfanin robobi. Aikinsa haɗa bidiyon biki, tura karatu da waƙoƙi a memori, da kwashe abin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset ya mayar da shi cikin waya.

Ɗayyabu ba mugun mutum ba ne, kada ku yi masa wannan kallon tun daga farko. Ciwonsa ɗaya ne, son manhajar kwamfuta. Duk wadda ya ji an ce ta fito, sai ya ƙona data ya sauke ta. Yana da mai matse bidiyo ya koma ƙarami, yana da mai juya sauti daga wani nau'i zuwa wani, yana da mai share tarkace in rumbun kwamfutar ya cika. In ka shiga shagonsa a tura maka waƙa guda, da lacca za ka fito.

Shi ya sa ma'aikatan kamfanin suka laƙaba masa Injiniya. Rabin sunan girmamawa ne, rabi tsokana, amma shi rabin farkon kawai yake ji.

Matarsa Aina'u ma ta saba da halinsa. In ta kira shi da rana daga gidansu a Zawaciki, don ta ba shi labarin abin da 'yarsu ta yi ko abin da maƙwabciya ta ce, amsa ɗaya take samu: "Ina kan aiki, zan kira ki." Kuma ba ya kira.

To, ana nan sai ya samo wata sabuwar manhaja da ta tafi da hankalinsa gaba ɗaya. Aikinta ta ware muryar mai magana, ta zubar da duk hayaniyar da ke kewaye da ita. Ranar da zai gwada ta, bakin titi ya fita, janaretan kamfanin na ruri, tireloli na danna hon, 'yan adaidaita na cacar baki, ya ɗauki muryarsa a haka. Da ya zuba ta a manhajar sai ta fito kamar a gidan rediyo aka naɗa. Kwana da kwanaki yana kunna wa mutane, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Mai gadin ƙofar kamfanin wani dattijo ne, Malam Idi, mutumin wani ƙauye ta wajen Gumel. Da can ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, sai da aka rufe ta ya dawo gadi. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da kowa ya san shi da shi, in an idar da azahar ma'aikata sun watse cin abinci, zai zauna a kan bencinsa ya kara wata 'yar rikoda a kunne. Kaset ɗaya yake ji, kullum shi ne.

Wata rana da hantsi ya tsallako titi ya tsaya a bakin kwantenar.

"Salamu alaikum. Injiniya, ana aiki?"

"Wa alaikumus salam, Baba. Ku shigo, ga kujera."

Dattijon ya zaro wani ƙyalle daga aljihun rigarsa, ya warware shi a hankali. Kaset ne a ciki, takardar jikinsa ta yi ja don tsufa.

"Rikodar tawa ce ta fara taune shi. Jiya da tsinke na zaro zaren, da ƙyar. An ce kana iya mayar da shi cikin waya."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne. Mene ne a ciki?"

Malam Idi ya ce, "Tafsiri ne. Na wani azumi da aka yi da daɗewa."

Ya faɗi sunan malamin, wani bawan Allah da ya jima da rasuwa. Ɗayyabu ya yi dariya.

"Haba Baba, ai wannan malamin duk karatunsa yana intanet, daga Baƙara har Nasi, garau. Ku bar tsohon kaset ɗin nan ya huta. Yanzu sai in cika muku memori."

"A'a. Na wannan ɗin nake so."

"Iri ɗaya ne fa."

"Na sani. Na wannan ɗin dai."

Da Ɗayyabu mai tsayawa ya saurari mutum ne, da a nan ya gane akwai magana. Amma abin da ya ce a ransa shi ne, tsofaffi ke nan, in suka saba da abu ko ya ruɓe ba sa saki. Ya karɓi kaset ɗin, ya ce a dawo gobe.

Bayan dattijon ya fita, ya sa kaset ɗin a rikodar da yake jonawa da kwamfuta. Tun daga farawa ya yamutsa fuska. Daga ji ka san ba daga cikin rediyo aka naɗi karatun kai tsaye ba, rikoda aka ajiye a gaban rediyo a tsakar gida. Muryar malamin tana can ƙasa-ƙasa. A samanta kuwa akuya na kuka, ana daka a turmi, kwanuka na ƙara, ga wata mata tana ta surutu da dariya. Ya cire hedfon ya ajiye, ya bar kwamfutar ta ci gaba da kwasa, shi kuma ya shiga danne-dannen waya.

Saura kaɗan kaset ɗin ya ƙare, zaren ya naɗe a cikin rikodar, ya cukurkuɗe, ya tsinke. Da ya zaro shi, baƙin da ke jikin zaren duk ya goge a yatsunsa kamar toka. Wannan kaset ya gama magana har abada. Ɗayyabu bai damu ba, tunda sautin ya riga ya shiga kwamfuta.

Sai ya gyara zama, ya buɗe sabuwar manhajarsa. Ba wanda ya sa shi, kyautatawa ya yi niyya, kuma yana so dattijon ya ga aikin zamani. Gaskiya manhajar ta yi abin da aka yi ta dominsa. Akuya ta tafi, turmi ya tafi, kwanuka suka yi tsit, matar ma ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Malamin kaɗai ya rage, yana jan aya kamar yana zaune a cikin shagon.

A daidai lokacin kuma rumbun kwamfutar ya cika har ya yi ja, ga babban aiki yana tafe. Wani mai suna Bashir, ɗan wani mai kamfani a Bompai, ya ba shi haɗa bidiyon bikin ƙanwarsa. Irin aikin da Ɗayyabu ya daɗe yana roƙon Allah ya kawo masa ke nan, wanda in ya yi kyau gidajen manya za su san da shi. Sai ya kunna manhajar share tarkace. Ta jero masa manyan fayiloli, ciki har da sautin asali na kaset ɗin Malam Idi. Ta fito da tambaya da Turanci, wai ya tabbata, domin abin da ta share ba ya biyawa ta kwandon shara. Ɗayyabu tunda yake bai taɓa karanta irin wannan tambayar ba. Ya danna ya wuce.

Washegari Malam Idi ya dawo da wata 'yar waya mai madannai da ɗansa ya bar masa. Ɗayyabu ya sa masa memori, ya maƙala masa iyafis a kunne, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Dattijon ya saurara. Can ya ce, "Matsar min da shi gaba kaɗan."

Ya matsar.

"Ƙara gaba."

Ya ƙara. Haka suka yi ta yi har aka kai ƙarshe. Malam Idi ya cire iyafis ɗin ya riƙe a hannu yana kallonsa.

"Kun ji yadda ya fito ko, Baba? Duk hayaniyar nan na kwashe ta. Tas."

"Tas kuwa," in ji dattijon.

"Kaset ɗin dai ya mutu, amma yanzu ba ku buƙatarsa."

Malam Idi ya miƙa hannu. Ɗayyabu ya ba shi kaset ɗin da zarensa na reto. Ya naɗe shi a ƙyallen nan a hankali, yadda ya kawo shi, ya mayar aljihu. Ya ce, "Allah ya yi albarka, Injiniya." Ya tsallaka titi ya koma bencinsa.

Daga ranar, in an idar da azahar, Malam Idi yakan zauna a bencin nan hannuwansa a kan gwiwa. Babu rikoda, babu waya a kunne. Ɗayyabu bai lura ba, hankalinsa yana kan bikin ƙanwar Bashir.

Wadda ta lura ita ce Mama Dabora, mai sayar da shinkafa da wake da tuwo a rumfar da ke gefen ƙofar. 'Yar Kafanchan ce, ta tsufa a Kano, kuma babu ma'aikacin da bai taɓa shan faɗanta ba. Ranar da aka kawo wa Ɗayyabu memorin bikin, ya jona shi ya bar kwamfutar tana kwafa, ya zo cin abinci. Ta zuba masa, amma ba ta saki kwanon ba.

"Injiniya, me ka yi wa Baba Idi?"

"Ni, Mama? Aiki na yi masa, wanda ko a gidan rediyo sai haka."

"Tun da ya fito daga shagonka rabin kwano yake ci. Na tambaye shi ina rikodarsa, ya ce ta huta. Jiya na karɓi wayar na saurara." Ta saki kwanon, ta ajiye ludayi. "Ina Fanna?"

"Wace Fanna?"

"Matarsa. Wadda take magana a cikin kaset ɗin."

Ɗayyabu ya tsaya da cokali a hannu.

Mama Dabora ta zauna a kan kujerarta. Ta ce a Ɗorayi gida ɗaya suka yi haya da su Malam Idi, shekara da shekaru. Lokacin da ta zo Kano ko miyar kuka ba ta iya kaɗawa ba, Fanna ce ta koya mata har ta kai ga buɗe rumfa. Bara waccan Allah ya yi wa Fanna rasuwa.

"Ba ta taɓa riƙe waya ba. Hotonta ɗaya ne, na katin zaɓe, shi ma bai yi kama da ita ba. Muryarta babu ita ko'ina a duniya sai cikin kaset ɗin nan. Wata rana ina ajiye masa abinci na ji dariyarta ta fito daga rikodar. Na ji, shi ma ya san na ji, babu wanda ya ce uffan."

"To me ya sa bai faɗa min ba? Wallahi da ya faɗa..."

"Kai ɗan yau ne, ɗana. Mutumin da har suka aurar da 'ya'ya ban taɓa jin ya kira sunanta ba, sai dai 'ke' ko 'mutanen gidan', shi ne zai zo gaban sa'an ɗansa ya ce yana kewar matarsa? Ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Tafsiri ne abin da bakinsa zai iya faɗa, shi ya faɗa maka."

Sai yanzu Ɗayyabu ya gane abin da dattijon yake nema da yake cewa a ƙara gaba. Kunya ta rufe shi, tausayi ya biyo baya, sannan tsoro ya zo ya danne su duka, domin ya tuna abin da kwamfutarsa take yi a wannan lokacin. Ya bar abincin ya ruga shago.

Ga waɗanda ba su sani ba, in ka share abu a irin tsohon rumbun da ke kwamfutar Ɗayyabu, ba nan take yake tafiya ba. Kamar ɗaki ne da aka cire wa kwaɗo aka ce babu kowa. Kayan suna ciki, har sai sabon ɗan haya ya shigo ya watsar da su. Bidiyon bikin nan shi ne sabon ɗan hayar, kuma ya riga ya fara shigo da kaya.

Ɗayyabu ya dakatar da kwafar, ya kashe kwamfutar, ya zauna yana haki. Wannan tsohon rumbu da kullum yake zagi saboda nawa, yana cewa da ya samu hali zai jefar da shi ya sayi na zamani, yau shi kaɗai ne abin da ya rage tsakanin Malam Idi da muryar matarsa.

Ya hau adaidaita zuwa kasuwar waya ta Farm Centre, wurin wani abokinsa Lawan. Ya aro rumbu na ɗauka wanda za a zuba abin da aka tono, aka kuma sa masa manhajojin dawo da fayil a filas, wato 'yar memorin da ake jonawa a kwamfuta, don kada ya ƙara sauke komai a kan kwamfutar. Lawan ya ja masa kunne: "Kada ka rubuta ko harafi ɗaya a rumbun nan sai ta gama. Kuma ka sa a ranka za a iya rasawa."

Manhajar farko ta bogi ce, talla kawai ta yi ta watso masa. Ta biyu ta kama aiki da gaske, ta kai rabi, aka ɗauke wuta. Ɗayyabu ya dafe kai. Ya sayo mai ya cika janaretansa, ya kunna ta uku, wadda take bin rumbu lungu-lungu. Wannan karon sai da ya karanta duk abin da ta rubuta kafin ya danna komai, har da inda Turancin ya fi ƙarfinsa ya kira Lawan ya fassara masa. Ta ce aikin zai ɗauki lokaci mai tsawo, kuma ba ta yi ƙarya ba. Layin da ke nuna ci gabanta yana tafiya kamar ba ya so.

Kwamfuta ɗaya gare shi. Muddin tana wannan aikin, babu batun bidiyon biki.

Bashir ya kira, ya sake kira, daga ƙarshe ya zo da kansa. Ya faka mota a bakin kwantenar, bai ko kashe ta ba.

"Malam, wasa kake da ni? Jibi za a haska bidiyon nan a wajen walima. Ina aka kwana?"

"Ranka ya daɗe, ban fara ba. Kwamfutar ce ba zan iya taɓawa ba sai ta gama wani aiki."

"Aikin wa ne ya fi nawa?"

Ɗayyabu ya kalli kwamfutar. Ba zan ɓoye muku ba, sai da hannunsa ya kai kan maus ɗin kwamfutar. Dannawa ɗaya ce, ya tsayar da binciken, ya kama aikin biki, gidajen manya su buɗe masa ƙofa. Malam Idi ba zai taɓa sani ba, kuma ko ya sani ba zai yi magana ba. Ya ɗaga kai ya hango dattijon a tsallaken titi, zaune, hannuwa a kan gwiwa. Ya janye hannunsa.

"Na mai gadin can ne."

Bashir ya juya ya kalli inda ya nuna, ya dawo da ido kansa kamar yana kallon mai taɓin hankali.

"Dama an ce min kada in kawo aiki kwantena. Ba ni memorina."

Ya karɓa ya tafi. Ɗayyabu ya bi motar da kallo har ta sha kwana, ransa ya yi baƙi ƙwarai, don ya san irin wannan aikin ba kullum yake zuwa Sharaɗa ba. Jim kaɗan sai ga Mama Dabora da kwano a rufe. Ta ajiye masa a kan tebur, ta leƙa kwamfutar kamar ta san abin da take kallo, ta fita.

Da manhajar ta gama, sai wata wahalar ta taso. Ta tono dubban fayiloli, amma duk babu suna, lambobi ne kawai. Babu dabara, babu wata manhaja da za ta taya shi. Dole ya sa hedfon ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne Ɗayyabu ya ji abubuwan da suka shekara suna wucewa ta hannunsa bai taɓa saurara ba. Ga wata yarinya tana karatun sauka, muryarta na rawa. Ga wani ma'aikacin majema a Challawa yana aika gaisuwa ƙauyensu a Nijar, yana kiran mutanen gida ɗaya-ɗaya har da jaki. Ga wata tsohuwa tana yi wa jikanta wasa. Duk shi ya tura su, duk shi ya share su, bai san ko ɗaya ba.

Kunnuwansa har sun fara zafi, da la'asar sakaliya, ya buɗe wani fayil. Sai ya ji akuya.

Tunda aka haife shi bai taɓa murnar kukan akuya ba sai ran nan.

Amma murnar ba ta cika ba. Mafi yawan sautin ya lalace, duk inda bidiyon biki ya sauka sai dai ka ji shuuu. Abin da ya tsira bai wuce tsawon shan kofin shayi ba. Ya saurare shi har ƙarshe, ya cire hedfon ya ajiye.

Can sai tsohon halin ya motsa. Ai manhajar nan tana iya yin akasin abin da ta yi, ta cire malamin da akuyar, ta bar muryar matar kaɗai, garau. Har ya buɗe ta. Sai ya tambayi kansa, wa ya aike ka? Ya rufe. Ya kwafi sautin yadda yake, da akuyarsa da turminsa, ya ajiye a wuri uku.

Washegari bayan azahar, shi ya tsallaka titi. Ya durƙusa a gefen bencin.

"Baba, aikin da na yi muku ran nan akwai kuskure. Manhajar ta cinye wasu abubuwa da bai kamata ba. Na nemo karatun yadda yake a kaset, sai dai kaɗan na samu, sauran ya lalace a hannuna. Ku yafe ni."

Bai ambaci mace ba, bai ambaci murya ba. Ya bar wa dattijon kunyarsa.

Malam Idi ya kalle shi. Sannan ya kalli rumfar Mama Dabora, ita kuwa ta duƙufa kan tukunya kamar ba ta san ana yi ba. Ya zaro wayar ya miƙa. Ɗayyabu ya canza memorin. Iyafis ɗin yana gida, don haka a fili sautin zai fito. Ya kunna, ya miƙe zai ba shi wuri.

"Zauna," in ji dattijon.

Ya zauna.

Akuya ta yi kuka. Turmi ya amsa, dum, dum. Malamin yana can ƙasa-ƙasa yana fassara aya. Sai dakan ya tsaya, muryar mace ta fito, sassanya, da ɗan karin harshen Barebari.

"Malam, kunun nan fa zai huce. Ko sai malamin naka ya zo ya sha maka?"

Sai muryar namiji, mai ƙarfi, ta mutumin da bai san tsufa ba tukuna. Ɗayyabu ya gane ta, ta Malam Idi ce.

"Ke, yi shiru mana, ɗauka nake. Za ki ɓata min karatu."

Matar ta tuntsire da dariya, doguwa, har da tari a ƙarshe. "To, na yi shiru. Akuyar ma ka gaya mata." Turmi ya ci gaba, tana ɗan rera wani abu a hanci. Daga nan sai shuuu.

Mama Dabora ta iso da kwanon dattijon, ta tsaya a bayansu ba ta ajiye ba.

"Mayar da shi baya," in ji Malam Idi.

Ɗayyabu ya mayar. Akuya, turmi, malam. Ta sake cewa kunu zai huce. Malam Idin nan na cikin kaset ya sake cewa ta yi shiru.

Sai dattijon ya sunkuya, ya kawo wayar daf da bakinsa da hannu biyu, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"A'a. Yi maganarki, Fanna."

Mama Dabora ta ajiye kwanon a ƙasa, ta kai bakin zaninta ido. A duk tsawon zamansu, yau ne ta fara jin sunan daga bakinsa.

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, ya yunƙura zai miƙe a hankali. Dattijon bai ɗago ba, hannu kawai ya ɗora masa a kafaɗa kafin ya tashi, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Yana tsakiyar tsallaka titi wayarsa ta yi ƙara. Aina'u ce. Ya ƙarasa bakin kwantenar, bai shiga ba, ya zauna a kan dakali ya ɗaga.

"Na san kana kan aiki," in ji ta da sauri, "dama ba wani abu ba ne."

A bayanta yana jin 'yarsu tana buga murfin tukunya, ga famfo na zuba a bokiti.

"Babu aikin da nake," in ji Ɗayyabu. "Ina jin ki."

Darasi: Kafin ka gyara wa mutum abinsa, tambaye shi abin da yake so a ciki, kuma ka saurari abin da kunya ta hana shi faɗa. Manhaja ta san sauti, amma ba ta san wanda ake ƙauna ba, don haka kada ka share na asali, kada kuma ka danna abin da ba ka karanta ba. Sannan muryoyin da ke damunka a gida yau, na iyaye, na mata ko miji, na 'ya'ya, wata rana za ka nemi ko kaɗan daga cikinsu ka rasa. Ka saurare su tun suna nan. In labarin nan ya tuna maka da wani, kira shi yanzu, sannan ka tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta.